Jinkirin Ƙiftawar Ido da Ya Kusa Ɓata Sunan Baba Akawu

Furfura ta fara kwashe mini abubuwa daga kai, har sunayen wasu abokan karatuna sai na yi da gaske nake tunowa. Amma abin da ya faru a shagonmu na Agege a farkon shekarar 2001 ba ya cikin masu tafiya. Wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu kuma ba ta shigo ba tukuna. Mai ɗa a Alƙahira ko ƙane a Jidda sai ya aika wasiƙa ya zuba ido wata guda ko fiye. Wani ɗan unguwarmu mai ido a buɗe, wanda kowa ke kira Oga, ya kama shago jikin masallaci ya ce zai riƙa tura wa mutane wasiƙa ta imel, yau a tura yau ta isa. Ni ya ɗauka in kula da injin. Shekarata ashirin da shida, na dawo daga jami'a da digiri a fannin kwamfuta, kaina kuwa ya fi hulata girma. A Agege aka haife ni, ina faɗa da Yarabanci, ina ciniki da buroka, wato Turancin kasuwa, kuma a ganina duk faɗin Legas babu wanda ya san cikin kwamfuta kamata.

Injin ɗaya ne tak, tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, daga kasuwar Ikeja muka ɗauko shi a bayan motar haya ta danfo. Yana da furosesa biyu, wato wuraren da ke yin lissafi guda biyu masu aiki tare, muka jona masa allunan rubutu biyar, kowane da ɗan shingen katako. Biyu na ɗalibai ne da masu iya bugawa da kansu. Ɗaya na Anti ne, wata Bayarabiya mai saurin hannu da saurin fushi, wadda ke jin Hausa kamar jakin Kano. Biyun da ke lungu kuwa na Baba Akawu ne.

Baba Akawu ya fi shekara talatin yana rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa a bakin gidan waya. Ya san wanda ya saki matarsa, ya san wanda ɗansa ke kurkuku, ya san wanda gidansu ya rabu a kan gado a can Arewa, kuma ba a taɓa jin kalma ɗaya ta fito daga bakinsa ba. Oga ya san in ba don shi ba babu dattijon da zai zauna gaban inji ya zazzage cikinsa, shi ya sa ya lallaɓo shi. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya koyi bugawa, da yatsa biyu, ɗaya a kowane hannu. In ya gama sai ya karanta wa mai wasiƙa a hankali, sai an ce masa haka ne sannan ya tura. Da yake dattawa sun saba manto 'yar takardar adireshi a gida, sai ya bar wasiƙar wancan a allo ɗaya ya rufe ta da ƙyalle, ya koma ɗayan allon ya kama ta wani. Ni kuwa Injiniya yake kirana, da wata 'yar murya da har yau ban tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Matsalarmu ɗaya ce, injin yana da nawa. Memorinsa, wato inda yake ajiye abin da ake aiki a kai a daidai lokacin, kaɗan ne. In alluna biyar suka cika sai ya riƙa jan ƙafa, Anti tana tsaki tana dukan tebur. Tsarin da ke tafiyar da injin irin wanda ake bayarwa kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya karanta ya gyara. Na shafe makonni ina tonon cikin nan har na gano inda lokaci ke zurarewa.

Bari in ɗan yi bayani, don in ba a gane wannan ba, ba za a gane laifina ba. Memori a yanke yake shafi-shafi. Manhajar da ke aiki, kamar wadda ake buga wasiƙa da ita, ba ta san ainihin inda shafukanta suke ba. Adireshin aro take amfani da shi, tsarin ne ke riƙe da babban kundi mai nuna adireshi kaza yana shafi kaza. Duba babban kundin nan a kowane motsi ɓata lokaci ne, saboda haka kowane furosesa yana da ɗan guntun kundi a aljihunsa, wanda 'yan sana'a ke kira TLB, inda yake riƙe adireshin da ya yi amfani da su kwanan nan. Kamar ɗan okada ne da ya haddace gidajen kwastomominsa, ba ya tsayawa tambaya. To in wuri ya ƙure, tsarin yakan karɓe shafi daga wata manhaja ya ba wata. Duk sanda ya yi haka dole ya tsayar da ɗayan furosesan, ya ce masa goge abin da ka haddace, mai gidan ya tashi, ya kuma jira har ya amsa cewa ya goge. Wannan tsayarwa da jira su ne ke cinye mana lokaci.

Sai dabara ta faɗo mini. Me zai hana a daina tsayar da shi kowane lokaci, a tara gogewar a yi ta gaba ɗaya in agogon injin ya buga, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba? Dabarar ba ta banza ba ce, manyan masana suna yin irinta har gobe. Amma tana da sharaɗi: in ka jinkirta gogewa, to shafin da ka karɓe ka riƙe shi a hannu, kada ka ba kowa sai an goge. Ni kuwa na jinkirta gogewar, na kuma bar tsarin yana raba shafukan nan take. Ba wai ban ga wurin ba. Na gan shi, na ma tsaya a kansa, na ce a raina me zai faru a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Injin kuwa ya tashi da gudu. Anti ta daina tsaki, Oga ya ja ni bukar mai abinci ya cika ni da amala, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa yaronsa ya gyara abin da Turawa suka kasa. Ni kuma na ƙara karkata hula.

Bayan kamar mako uku wani gwauro da ke karatu a Khartum ya aiko amsa yana tambayar babansa wane jariri ne aka ce a shafa masa kansa. Muka duba, ashe layi ɗaya daga wasiƙar wani ya faɗa cikin tasa. Aka sha dariya. Aka sake samun irin haka sau ɗaya, shi ma gaisuwa ce kawai. Duka wasiƙun ta hannun Baba suka bi, saboda haka aka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ni ma da bakina na ce masa, "Baba, ko dai a ƙara wa tabarau ƙarfi ne?" Ya dube ni ta saman tabaraun ya ci gaba da aikinsa.

Na ukun ne ba na dariya ba. Akwai wani Alhaji, babban mai fataucin goro, mutum mai zurfin ciki wanda ko ciwon kai ba ya bari a sani. Ya zauna wajen Baba ya aika wa ɗansa na Alƙahira wasiƙa. A cikinta akwai layi biyu: likitocin asibitin Idi-Araba sun ce ciwon ya ci jiki, kada ka bari Inna ta ji. Layukan nan biyu, da sunan gidansu a jiki, suka faɗa tsakiyar wasiƙar wani mai albasa na kasuwar Mile 12 zuwa ga ƙanensa a Jidda. Ƙanen ya bugo waya yana tambayar jikin Alhaji. Kafin kwana biyu mata sun fara sallama a gidan suna yi wa mahaifiyar Alhaji sannu, tsohuwa mai kusan shekara casa'in. A bakin 'yan dubiya ta ji cewa ɗanta na fari ba shi da lafiya.

Ina nan zaune Alhaji ya zo. Bai shigo ba, bai kuma ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Akawu, shekara talatin ina ba ka cikina. Abin da na ɓoye wa uwar da ta haife ni, kai na ba."

Baba ya miƙe tsaye ya cire tabarau. Ya ce, "Alhaji, na karanta maka ka ce haka ne, na karanta wa wancan ya ce haka ne. Iyakar abin da na sani ke nan. Amma ta hannuna ta bi. Allah ya huci zuciyarka."

A ranar Oga ya ce wa Baba ya ɗan huta zuwa ƙarshen wata, kowa kuma ya san hutun da babu dawowa ne. Baba bai zauna a gida ba. Kullum sai ya zo da wankakkiyar rigarsa ya zauna a bencin ƙofar shago. Mutanen da a da ke layi don su zauna kusa da shi, yanzu daga tsallaken kwata suke ɗaga masa hannu su wuce. Ana ta ƙus-ƙus cewa in wannan ta fito, Allah kaɗai ya san nawa ya fesar a shekara talatin.

Ni kuwa tun Alhaji bai bar ƙofa ba na sha jinin jikina. Na lissafa baya, na ga duk ukun bayan gyarana suka faru. Ban san yadda abin ke aukuwa ba tukuna, amma zuciyata ta sani. Washegari da sassafe, kafin kowa ya iso, na cire gyaran na mayar da tsarin yadda yake a da, ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ai taka tsantsan nake yi, ba ni da hujja, in na samu hujja zan yi magana. Gaskiyar magana tsoro nake ji, da kunyar amalar da na ci.

Abin da ban hango ba shi ne, na cire gyaran a daidai lokacin da aka ɗaga Baba daga kan allo. Wasiƙu suka daina cakuɗewa. Bayan mako guda sai ga Oga yana cewa a gaban kwastomomi, "Kun gani ko? Tun da Baba ya huta, ko sau ɗaya ba a sake ba. Na old age, tsufa ne wallahi, ba mugunta ba ce." Wato da hannuna na ƙulla wa tsohon shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Ina jin maganar nan, amma na sunkuyar da kai ina ta danne-danne kamar mai aiki. Kwana tara na yi ina wucewa ta gabansa safe da yamma, ina ce masa ina kwana, yana amsa mini da fara'a.

A rana ta tara, gab da Azahar, ina tsugune ina alwala sai ya ajiye butarsa kusa da tawa.

Ya ce, "Injiniya, injinka ya koma ɗingishi."

Na ce, "Wa ya gaya muku, Baba?"

Ya ce, "Tsakin Anti. Daga benci nake jinsa. Wata biyu ban ji shi ba, washegarin ranar da aka ce in huta ya dawo."

Ruwa na hannuna, na kasa kai shi fuska. Shi kuwa ya ci gaba da wanke hannunsa kamar zancen damina muke yi. Ya ce, "Ban ce ka yi komai ba, ni ban san cikin ƙarfe ba. Abu ɗaya dai na zauna na tuna. Wasiƙun nan da suka cakuɗe, duk ladan na kiran salla na tura su. Ba na son in tsaya gaban Allah da saƙon wani a wuyana, to da ya ɗaga murya sai in danna na dama da na hagu lokaci guda. Sauran ma kowa dannawa yake, tunda Oga zai rufe shago. Kai ne mai ilimin, ka duba ko wannan yana da ma'ana. In babu, to tsufa ne, sai in karɓa in koma gida in yi wasa da jikoki."

A nan tsugune na ga abin gaba ɗaya, kamar an yaye labule. Alluna biyar sun danna tare, wuri ya ƙure. Furosesa na farko ya karɓe shafi daga wasiƙar Alhaji ya ba wasiƙar mai albasa. Na biyu kuwa ba a ce masa ya goge ba tukuna, sai ya ci gaba da zuba maganar Alhaji a tsohon adireshi, wanda yanzu gidan wani ne. Bayan an riga an karanta wa kowa tasa abin ke faruwa, shi ya sa babu idon da ya gani. Ni da digirina na yi kwana tara ina neman wannan, tsoho mai yatsa biyu ya kawo mini shi a bakin kwata. Kuma ya san ni ne. Yana iya faɗa a gaban Oga, yana iya faɗa a masallaci, amma ya zaɓi ya rage murya ya bar mini ƙofa in fito da ƙafata.

Ana idar da salla na sami Oga na faɗa masa komai. Ya zage ni da harshe uku. Da ya huce sai ya jawo ƙofa ya ce, "To ka ji, maganar nan ta mutu a nan. In aka ji inji ne ke haɗa wasiƙun mutane, shago ya mutu. Baba ya dawo kujerarsa gobe, shi ke nan, case close."

Baba yana tsaye a bayana. Ya ce, "Oga, ba kujera nake nema ba. Ina da kujera a gida."

Oga ma ɗan unguwa ne, a hannun Baba aka rubuta wasiƙar da ta kai wa kakanninsa labarin haihuwarsa. Ya ɗauki hularsa ya ce mu je gidan Alhaji.

Mun sami Alhaji a zaure, ana yayyafa wa goro ruwa ana canza masa ganye. Na durƙusa na fara bayani, shafi kaza, adireshi kaza, furosesa na ɗaya da na biyu. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Yaro, ban gane ba, kuma ba na neman in gane. Abin da na gani shi ne kun tausaya wa tsoho, kun haɗa baki ku ɗora wa ƙarfe laifi, don ƙarfe ba ya jin kunya."

Na ce, "Alhaji, in na sa ya yi a gabanku fa, Baba bai taɓa komai ba?"

Ya ce, "Gani ya kori ji."

Ranar Lahadi bayan Azahar, da ba a cika samun kwastomomi ba, na mayar da gurɓataccen gyarana cikin injin. Alhaji ya zo da dattawa biyu, ɗayansu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai karatun boko, shi zai karanta. Anti ta buga wasiƙun gwaji biyu, muka sa adireshin shagonmu don su dawo mana. Na ce ita da Oga su danna tare. Suka danna, muka buga a takarda, kowace wasiƙa tsaf. Muka sake, tsaf. Muka yi ya fi sau ashirin. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san irin wannan kuskure, in kana gudunsa ya same ka, in kana nemansa ya ɓuya. Zufa ta jiƙa mini riga. Alhaji ya duba agogo ya fara neman takalminsa, na kuma san in ya fita, Baba ya gama yawo, har da ƙarin sunan maƙaryaci.

Sai muka ji muryar Baba daga bakin ƙofa, don ya ƙi shigowa, yana tsaye hannuwansa a baya. Ya ce, "Injiniya, ba haka ake yi ba. Ranar nan alluna biyar duk cike suke, kuma wasiƙar dattawa doguwa ce, gaisuwa kaɗai takan ci shafi. Ku cika su. La'asar ta kusa."

Kunya ta kama ni, don abin da ni ya kamata in sani ke nan. Anti ta zauna ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi tasa doguwa. Alhaji ya yi ta zancen goro, har da cewa huhun goro ba ya son rana. Tsohon ma'aikacin jirgi ya ba da labarin tasoshin da ke tsakanin Legas da Kano. Aka zaunar da Alhaji a kujerar Baba, aka ɗora masa yatsan dama a kan maɓallin allo ɗaya, na hagu a kan ɗayan. Oga da dattijo na biyu da Anti suka kama sauran ukun. Ladan na ɗaga murya suka danna.

Na zabura zan duba, Alhaji ya ce, "A'a. Salla tukuna." Ya fitar da kowa, ya kulle shagon da kansa ya jefa makulli a aljihu.

Ban taɓa yin salla da zuciya a rataye irin ta ranar ba. Na san a lissafi ba dole ba ne abin ya faru a karo ɗaya, ana iya yin sau goma bai faru ba. A sujada ban roƙa wa kaina komai ba, na dai ce ya Allah kada ka kama tsohon nan da laifina.

Muka dawo, Alhaji ya buɗe, aka buga takardu biyar aka miƙa wa tsohon ma'aikacin jirgi. Ya karanta ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Ta uku tasa ce, yana karantawa yana gyaɗa kai, daga Ibadan sai Oshogbo, daga Oshogbo sai Ilori. Sai ya tsaya, ya matso da takardar kusa da ido, ya ce, "Daga Ilori sai, huhun goro ba ya son rana." Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ni dai ban san wannan tasha ba."

Babu wanda ya yi dariya sai Anti, ita ma ta toshe baki. Alhaji ya ɗaga yatsunsa biyu yana kallonsu. Har yau ina ganin Allah ne ya dubi tsohon nan, ba iyawata ba. Can Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Yaushe ka san kai ne?"

Baba ya yi carab ya ce, "Ai dai ya zo, Alhaji."

Na ce, "Tun ranar da kuka tsaya a ƙofar nan na zargi kaina. Kwana tara na yi shiru."

Alhaji ya ce wa Oga in yana son ya ƙara ganin ƙafar wani dattijo a shagon nan, ya sallame ni yau. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne abin da zan ce ke nan. Sai a lokacin Baba ya tako cikin shagon. Ya ce, "Alhaji, da yaron nan ya ƙara yin shiru, har a naɗe ƙasa babu mai sani, don babu mai karanta cikin ƙarfen nan sai shi. Ni aka ɓata, kuma ni na yafe. Naka ciwon ya fi nawa, ba zan ce ka yafe ba. Amma in an kore shi, an koya wa yaran unguwa cewa faɗin gaskiya ba ta da riba." Alhaji ya kama hannun Baba da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, sannan ya fita.

Ba a kore ni ba. Na zauna na yi aikin yadda ya kamata tun farko: duk shafin da aka karɓe sai a tsare shi gefe, ba a ba kowa sai furosesa biyun sun amsa cewa sun goge. Na gwada shi mako biyu da wasiƙun ƙarya kafin in bari ta gaskiya ta bi ta kai. Saurin ya ɗan ragu kaɗan, abin da ko Anti ba ta lura ba. Tsohon ma'aikacin jirgi ya ba da shaida a masallaci, amma magana zarar bunu ce. Wasu sun dawo wajen Baba, wasu ba su dawo ba har wayar hannu ta shigo ta kwashe mana kasuwa. Alhaji kansa bai sake leƙo shagon ba, na ɗauka kuma shi ke nan.

Sai wata Juma'a, bayan kamar wata biyu, an sauko daga masallaci titi ya cika maƙil. Ga Alhaji yana tafe a hankali, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya ratsa jama'a ya zo ya zauna a bencin ƙofar shago, inda kowa ke ganinsa, ya ce a kira masa Akawu. Baba ya fito. Alhaji ya ɗaga murya yadda na tsallaken titi zai ji, shi da ba ya ɗaga murya, ya ce, "Akawu, ɗauko takarda. Wasiyyata zan bayar, kuma duk Agege ban ga wanda zan ba ita ba sai kai." Sannan ya nuna ni da haɓa ya ce, "Kada ta shiga injin yaron nan. Shi kuma ya zo ya zauna ya zama shaida, tunda yana faɗin gaskiya, ko da a makare."

Na ga Baba ya juya baya yana goge tabarau da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ni kam ban ɓoye ba, a gaban jama'a na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Alhaji bai ga ƙarshen shekarar ba, Allah ya jiƙansa. Baba ma ya daɗe da rasuwa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mini kwanakin nan tara ba, ko da wasa.

Na yi shekaru ina wannan sana'a, na koyar da matasa da yawa yadda ake jinkirta gogewa ba tare da an yi ɓarna ba, don jinkiri a kansa ba laifi ba ne. Abin da na koya a Agege shi ne, duk abin da ka ce bari sai anjima, akwai wanda ke ɗauke da nauyinsa kafin anjiman ta zo, kuma sau da yawa ba kai ba ne. Kafin ka jinkirta, nemi wannan mutumin ka dubi fuskarsa. Ni nawa ya zauna a benci kwana tara yana amsa gaisuwata, sannan ya tsaya ya roƙa mini arziki. Ba ni da abin biyansa sai addu'a, kuma ba na jinkirta ta.